Kaɗaici a Tsakiyar Jama'a: Tambayoyi da Amsoshi Kan Jigon Keɓewa a Fitattun Gajerun Labarai

Duk wanda ya zauna ya karanta gajerun labaran da aka rubuta daga shekarun 1830 zuwa shekarun 1930 zai lura da cewa mutum guda ne yake ta dawowa cikin sutura daban-daban: wanda yake da magana a bakinsa amma ya rasa kunnen da zai zuba ta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗaliban adabi da masu karatu don nishaɗi suka fi yawan yi a kan wannan jigo, an kuma jero su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Me ake nufi da kaɗaici a waɗannan labarai? Zaman mutum shi kaɗai ne?

Zaman mutum shi kaɗai abu ne da ido yake gani, kuma ba shi ne ya fi damun waɗannan marubuta ba. A wani labari da Anton Chekhov ya wallafa a 1889, wani matashin lauya ya yi caca da wani attajirin banki cewa zai iya zama a kulle shekara 15 ba tare da ganin kowa ba, a kan kuɗi rubul miliyan 2. Ya cika shekarun yana karatu, sannan ya fice saura sa'a 5 wa'adin ya cika don ya nuna cewa kuɗin ba su da sauran daraja a idonsa. Irin wannan keɓewa ta jiki ba ta da yawa a cikin fitattun labaran.

Abin da ya fi yawa shi ne mutumin da ke kewaye da jama'a, yana da abokan aiki ko mata ko maƙwabta, ana gaisawa da shi kullum, amma babu wanda ya san abin da ke cikinsa, babu kuma wanda ya tsaya ya tambaya. Saboda haka idan aka ce kaɗaici a wannan shafi, ana nufin yankewar igiyar da ke tsakanin mai magana da mai sauraro, ko da kuwa kafaɗarsu tana gogar juna.

Me ya sa wannan jigo ya fi yawa a gajeren labari a kan dogon littafi?

Dogon ƙagaggen labari yana buƙatar al'umma: dangi, gado, aure, shari'a, shekaru masu wucewa, da taurari masu yawa da ke cuɗanya da juna. Gajeren labari ba shi da filin ɗaukar wannan kaya, don haka yakan kama mutum guda a cikin sa'o'i kaɗan, kuma mutumin da ya fi dacewa da wannan ƙaramin fili shi ne wanda ba ya tare da kowa. Tun a 1842 Edgar Allan Poe ya yi bayanin cewa gajeren labari abu ne da ake karantawa a zama ɗaya domin ya bar tasiri guda a zuciyar mai karatu, kuma kewa tana daga cikin abubuwan da suka fi saurin kama zuciya a zama ɗaya.

Marubucin nan Frank O'Connor ya ƙara faɗaɗa batun a littafinsa na nazari mai suna "The Lonely Voice", wanda ya fito a farkon shekarun 1960. A ganinsa gajeren labari ba shi da jarumi irin na dogon littafi. Abin da yake da shi shi ne mutanen da al'umma ta danne a ƙarƙashinta, irin su ƙananan ma'aikata da talakawan ƙauye da waɗanda aka manta da su. Ana iya yi masa gardama, domin akwai gajerun labarai na barkwanci da na kasada da ba su shiga wannan ma'auni ba, amma a kan labaran da ake magana a nan, hasashensa ya zauna daram.

Da wane labari ya kamata mai sha'awa ya fara?

Da "Toska" na Chekhov, wanda ya fito a 1886. Kalmar ta Rashanci tana nufin ƙuncin zuciya. Shafukansa ba su da yawa, kuma duk abin da sauran labaran suke faɗa yana cikinsa. Iona Potapov tsoho ne mai jan fasinja da keken doki a birnin Petersburg, ɗansa Kuzma ya rasu bai fi mako guda ba. Da magariba, dusar ƙanƙara tana zuba har ta rufe shi da goɗiyarsa, wani hafsan soja ya hau. Iona ya waiwayo, leɓɓansa suna motsi, da ƙyar ya ce ɗansa ya mutu a makon nan. Hafsan ya tambayi abin da ya kashe shi, amma kafin amsar ta yi nisa ya ce masa ya dubi hanya ya yi sauri, ya kuma lumshe idanunsa. Sai samari uku suka hau, suna zaginsa suna yi masa ba'a a kan hularsa, ɗaya daga cikinsu har ya kai masa duka a ƙeya, shi kuwa Iona yana dariya, domin ko zagi ya fi masa shiru. Da ya faɗa musu rasuwar, amsar da ya samu ita ce kowa ma zai mutu. Mai gadin wani gida ya kore shi, wani matashin abokin sana'arsa kuma ya yi barci ana tsakiyar magana.

Abin lura shi ne abin da Iona yake nema. Ba kuɗi yake roƙo ba, ba kuma taimako ba. So yake ya ba da labarin a tsanake, daki-daki: yadda ciwon ya fara, abin da yaron ya faɗa kafin ya cika, yadda aka yi jana'iza, yadda ya je asibiti karɓo tufafinsa. A ƙarshe ya tafi barga ya faɗa wa goɗiyar komai, tana tauna ciyawa tana hura masa numfashi a hannu. Babu mugu ko ɗaya a labarin. Kowa yana da uzurinsa, kowa yana sauri, kuma wannan ne ya sa labarin yake da ciwo fiye da a ce an zalunce shi da gangan.

Me ya sa akawu da magatakarda suka cika waɗannan labarai?

Domin manyan birane da ofisoshin ƙarni na 19 sun samar da wani sabon irin mutum, wanda aikinsa shi ne kwafe kalmomin wasu daga safe zuwa yamma ba tare da an taɓa tambayarsa nasa ba. Nikolai Gogol ya fara zana shi a 1842 a labarinsa "Shinel", wato babbar rigar sanyi. Akaky Akakievich yana karɓar rubul 400 a shekara, abokan aikinsa suna yayyaga takarda suna zuba masa a ka, shi kuwa iyakar abin da yake cewa shi ne su ƙyale shi. Ya yi ta tsimi har ya ɗinka sabuwar riga, ya ga mutane sun kula da shi na yini ɗaya, a daren nan kuma aka ƙwace ta. Da ya kai kuka wurin wani babban jami'i sai aka daka masa tsawa, ya fito cikin sanyi, zazzaɓi ya kashe shi. Ofishinsu bai san ya mutu ba sai da aka aika a kira shi bakin aiki, washegari kuma wani ya zauna a kujerarsa.

Bayan shekara 11, a 1853, Herman Melville ya fitar da "Bartleby" a Amurka. Bartleby ma magatakarda ne, a ofishin wani lauya da ke titin Wall Street a birnin New York, an ajiye teburinsa a bayan wani labule kusa da tagar da ba ta kallon komai sai bango. Wata rana aka ce ya zo a duba kwafi, ya amsa cikin ladabi cewa ya fi son kada ya yi, kuma daga ranar wannan amsa ta zama ita ce amsarsa ga komai, har ga abinci. Gregor Samsa na Franz Kafka, wanda za a yi maganarsa a tambayar da ta shafi iyali, ɗan tallan kamfani ne da ya wayi gari ya rikiɗe ya zama wani ƙaton ƙwaro, amma abin da ya fara damunsa shi ne jirgin ƙasan da ya wuce shi da abin da maigidansa zai ce.

To laifin wane ne: na mai kaɗaicin, ko na mutanen da ke kewaye da shi?

Labaran sun kasu, kuma kuskure ne a ɗauka cewa duk mai kaɗaici abin tausayi ne da aka zalunta. Akwai waɗanda suka gina katangar da hannunsu. A "Wakefield" na Nathaniel Hawthorne, na 1835, wani magidanci a Landan ya ce wa matarsa zai yi 'yar tafiya, ya kama ɗaki a titin da ke bayan gidansa, ya zauna shekara 20 yana leƙenta daga nesa, sannan ya dawo wani dare kamar jiya ya fita. Belikov, malamin harshen Girka a wani labarin Chekhov na 1898, yana yawo da laima da takalman ruwa ko da rana ta fito, komai nasa yana cikin kube, kuma mai ba da labarin ya ce sai a cikin akwatin gawa fuskarsa ta nuna gamsuwa. Mafi tsanani a wannan rukuni shi ne James Duffy a "A Painful Case" na James Joyce, cikin tarin "Dubliners" na 1914. Ma'aikacin banki ne mai tsari da girman kai, ya saba da wata matar aure mai suna Emily Sinico wadda take sauraron tunaninsa, amma ranar da ta kama hannunsa ta ɗora a kuncinta sai ya yanke hulɗar. Bayan shekara 4 ya karanta a jarida cewa jirgin ƙasa ya take ta, kuma ta riga ta faɗa shaye-shaye. Da farko ƙyama ya ji. Sai da dare ya yi nisa ya gane cewa mutum ɗaya da ta taɓa son sa ita ce ya kora.

Sha'anin lauyan da ya ɗauki Bartleby aiki ya fi wuyar yanke hukunci, kuma manazarta sun daɗe suna ja-in-ja a kansa. Mutumin bai kore shi da wulaƙanci ba: ya ba shi kuɗi, ya yi masa tayin zama a gidansa, ya ziyarce shi a kurkuku, har ya biya a riƙa ba shi abinci mai kyau. Amma shi ne kuma ya kwashe ofishinsa ya koma wani gini don ya rabu da shi sa'ad da abokan sana'a suka fara tsegumi. A ganina Melville ya bar shi ya ba da labarin da bakinsa ne domin mai karatu ya ji yadda mutumin kirki yake wanke kansa, ya kuma tambayi kansa inda nasa haƙurin zai tsaya.

Yaya mutum zai yi kaɗaici alhali yana da aure da iyali?

A nan ne jigon ya fi kaifi. A "The Dead", labarin ƙarshe a tarin Joyce, Gabriel Conroy ya dawo masauki daga walimar 'yan'uwan mahaifiyarsa mata zuciyarsa cike da shauƙin matarsa Gretta, sai ya tarar tana kuka saboda wata waƙa da ta ji ta tuna mata da Michael Furey, saurayin da ya tsaya cikin ruwan sama yana rashin lafiya don ya yi mata ban kwana, ya kuma mutu yana ɗan shekara 17. Shekaru suna tare, bai taɓa jin sunan ba. A "Hills Like White Elephants" na Ernest Hemingway, na 1927, mace da namiji suna jiran jirgi a wata tasha a Sifaniya suna magana a kan zubar da ciki ba tare da an ambaci kalmar ko sau ɗaya ba, har ta roƙe shi ya yi shiru, tana maimaita kalmar roƙon sau 7. Charlotte Perkins Gilman kuwa, a "The Yellow Wallpaper" na 1892, ta nuna mijin da yake likita, mai tausasa harshe, wanda ya killace matarsa a ɗakin sama ya hana ta rubutu da baƙi da sunan magani, kuma duk abin da ta faɗa game da jikinta sai ya mayar da shi shagwaɓa.

Labarin Kafka na 1915 ya kai abin maƙura da dabara guda: Gregor yana fahimtar duk abin da iyalinsa suke faɗa, su kuwa ba sa gane muryarsa, don haka suka ɗauka shi ma ba ya ji. Ta bayan ƙofa yake sauraron yadda ake lissafin kuɗi, har ranar da ƙanwarsa Grete, wadda ta fi kowa kula da shi da farko, ta ce dole a rabu da wannan abu. Da ya mutu, iyalin suka ɗauki hutu suka fita shan iska bayan gari.

Wannan ba damuwar Turawa ce kawai ba?

A'a. Lu Xun na ƙasar Sin ya rubuta labarin da ya yi kama da na Iona ƙwarai, a 1924, a kan wata baiwar Allah da ake kira matar Xianglin, wadda ta yi takaba sau biyu, kyarkeci kuma ya cinye ƙaramin ɗanta. Bambancin shi ne ita ta samu masu sauraro da farko: tsofaffin mata suna zuwa takanas su ji, su zubar da hawaye, su koma gida sun gamsu. Da ta ci gaba da maimaitawa sai kowa ya haddace labarin, aka fara katse ta, daga baya aka mayar da shi abin tsokana. A wani labarinsa na 1921, mai ba da labari ya koma garinsu bayan fiye da shekara 20, ya haɗu da Runtu abokin wasansa na ƙuruciya, sai Runtu ya rusuna ya kira shi da laƙabin da talaka yake kiran mai gida, kalma ɗaya ta gina bango a tsakaninsu.

Rabindranath Tagore na Indiya ya rubuta labarin wani shugaban gidan waya a 1891, ɗan birnin Kalkata da aka tura ƙauyen Ulapur, inda marainiya Ratan take yi masa hidima, ta yi jinyarsa, shi kuma yana koya mata karatu don ya rage kewa. Da zai tafi ta ce ya tafi da ita, ya yi dariya ya ce ina hakan zai yiwu. A cikin jirgin ruwa zuciyarsa ta raya masa ya koma, sai ya lallashi kansa da tunanin cewa rabuwa ba ta da iyaka a duniya. Ratan ba ta da irin wannan falsafa da za ta jingina da ita.

Waɗanne dabaru marubutan suke bi don su nuna kaɗaici ba tare da sun ambace shi ba?

Dabara ta farko ita ce ba wa tauraron wani abu maras magana ya zuba masa ƙaunarsa: goɗiyar Iona da rigar Akaky da aka ambata a sama, ko akun da 'yar aiki Félicité take ƙauna har bayan mutuwarsa a labarin Gustave Flaubert na 1877. Katherine Mansfield ta yi amfani da wannan a "Miss Brill", na 1920. Malamar Turanci ce da ke zaune a Faransa, kowace Lahadi tana ɗauko tsohon gashin dabba da take ratayawa a wuya, ta goge shi, ta yi masa magana, ta tafi lambun shaƙatawa ta zauna tana satar jin hirar mutane. Ran nan ta raya a ranta cewa duk wurin dandalin wasan kwaikwayo ne, ita ma tana da rawar da take takawa, kuma da za ta yi fashi da an lura. Ana cikin haka saurayi da budurwa suka zauna kusa da ita, ta ji yana tambaya wa yake son ganin wannan tsohuwa a nan, budurwar kuma tana ƙyalƙyala dariya a kan abin wuyanta. Ta koma gida ba ta tsaya sayen yankan alkakin da ta saba saya ba, ta mayar da abin cikin kwalinsa, da ta rufe sai ta ji kamar wani abu yana kuka. Mansfield ba ta ce ita ce take kukan ba.

Dabara ta biyu ita ce zaɓen bakin da labarin zai fito. William Faulkner ya sa mutanen gari gaba ɗaya su ba da labarin "A Rose for Emily", na 1930, da kalmar "mu". Sun san lokacin da ta sayi guba, sun ji wari yana fitowa daga gidanta, amma maimakon wani ya ƙwanƙwasa ƙofa sai suka lallaɓa da dare suka barbaɗa farar ƙasa a kewayen gidan. Shekaru suna sa mata ido, babu wanda ya san ta. Wannan dabara ɗaya ce da ta lauyan Bartleby da aka tattauna a tambayar laifi: an tsayar da mai karatu a sahun 'yan kallo.

Shin marubutan rayuwarsu suke bayarwa?

Wani lokaci akwai alaƙa a fili. Gilman ta sha irin wannan jinyar hutun dole a hannun likita Silas Weir Mitchell a 1887, kuma ta ambaci sunansa a cikin labarin. Kafka ya yi shekaru yana aiki a hukumar inshorar haɗurran ma'aikata a Prague. Amma Chekhov likita ne mai yawan abokai da baƙi, don haka neman kowane labari a tarihin marubucinsa hanya ce da ba ta kai mai nazari nesa.

Babu wanda ake saurara ko kaɗan a waɗannan labarai?

Akwai, sai dai sauraron yakan zo daga inda ba a zata ba. A labarin Leo Tolstoy na 1886 kan mutuwar alƙali Ivan Ilyich, abokan aikinsa suna lissafin wanda zai gaji kujerarsa, iyalinsa suna yi masa ƙaryar cewa zai warke, sai bara Gerasim kaɗai yake faɗin gaskiya, yana kuma ɗora ƙafafun maigidan a kafaɗunsa tsawon dare don ciwon ya lafa. A "A Clean, Well-Lighted Place" na Hemingway, na 1933, wani tsoho kurma da ya yi yunƙurin kashe kansa a makon da ya gabata yana zaune a gidan shan shayi har tsakar dare. Matashin ma'aikacin wurin yana ƙagara ya rufe ya koma wurin matarsa, babban kuwa ba ya son a kashe fitila, domin ya san akwai masu buƙatar wuri mai tsabta da haske, kuma shi ma yana cikinsu. Ko kalma ɗaya ta zumunci bai yi da tsohon ba. Fahimtar ta tsaya a cikinsa, ya tafi gida yana ce wa kansa wataƙila rashin barci ne kawai.

Akwai wanda ya hango kaɗaicin zamanin na'ura?

E. M. Forster ya yi hakan a 1909 a "The Machine Stops", tun ba a san talabijin ba balle intanet. Mutane suna zaune a ƙarƙashin ƙasa, kowa a ɗakinsa mai kusurwa 6 kamar saƙar zuma, na'ura tana kawo abinci da kiɗa da magani, ana kuma ganin juna ana magana ta wani faranti mai haske. Vashti ta san dubban mutane ta wannan hanya, tana gabatar da laccoci daga kujerarta, amma da ɗanta Kuno ya roƙe ta ta zo su gana ido da ido sai ta ga abin a matsayin ɓata lokaci, tunda ga shi tana ganinsa. Wannan ya bambanta da halin Iona da aka fara da shi, domin Vashti ba ta rasa masu sauraro ba, kuma ba ta san ta rasa wani abu ba.

Da ƙyar ta yarda ta hau jirgin sama zuwa wurinsa. A hanya hasken rana ya faɗo mata ta taga, ta yi tangaɗi, ma'aikaciyar jirgin ta miƙa hannu ta tare ta, sai Vashti ta daka mata tsawa saboda ta taɓa ta, ma'aikaciyar kuma ta ba da haƙuri, domin a wannan duniya an daɗe da daina taɓa juna. Uwa da ɗa ba su rungumi juna ba sai a shafin ƙarshe, cikin duhu, bayan na'urar ta tsaya kuma birnin yana rushewa a kansu.